Yadda ake noman inabin Muskat mai ƙamshi a Katsina, daga yankan reshe har tsinka

Tun da na raba wa 'yan'uwa da maƙwabta inabin da ya nuna a lambuna bara, tambaya ba ta yanke ba. Wani ya tare ni a ƙofar masallaci, wani ya bugo waya daga Daura: wane iri ne wannan da ƙamshinsa ke cika baki kamar an ɗiga masa ruwan wardi, kuma yaya aka yi ya karɓi ƙasarmu mai zafi da rairayi? Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar ƙofar masallaci, shi ya sa na zauna na jera ta daki-daki.

Sunansa Muskat. A Turai giya suke yi da mafi yawansa, mu kuwa ba ruwanmu da wannan. Ci muke yi ɗanye, mu busar da shi zabibi, mu matse wa yara ruwansa su sha nan take. Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin ka haƙa rami ko guda. A ƙasashen sanyi, hunturu ne ke kwantar da itacen inabi ya yi barci, bazararsu ta tashe shi. A Katsina babu sanyin da zai yi wannan aiki, don haka almakashinka ne zai gaya masa lokacin hutu da lokacin haihuwa. Wanda ya kuskure ranar aski, wato yanke rassan itacen, zai iya samun inabi, amma ƙamshin da ya jawo shi noman ba zai same shi ba.

1. Tantance iri

Dangin Muskat suna da yawa, biyu ne suka dace da mu. Na farko shi ne Muskat na Iskandariyya: ƙwayarsa babba ce, doguwa kaɗan, koriya, idan ta nuna sai ta koma ruwan zuma. Yana son zafi da fari, kuma yana jinkirin nuna. A tsibirin Fanteleriya na ƙasar Italiya Zibibbo suke ce masa, daga kalmar Larabci zabib, wadda mu ma daga gare ta muka samo zabibi. Shi ne kuma ake shanyawa a Malaga ta ƙasar Sifaniya. Na biyu Muskat Hambog ne, baƙi, ɗan na Iskandariyya ne ta hanyar barbara da wani iri. Ya fi saurin nuna, kuma manoman kudancin Indiya sun daɗe suna noma shi cikin zafi.

Dukkansu suna da ƙwallo a ciki. Wanda ke neman inabi marar ƙwallo irin na cikin kwalin roba da ake shigowa da shi, ba wannan ba ne. Ƙamshin kuwa yawancinsa a fatar ƙwayar yake, daga wasu sinadarai da ake kira linalul da jeraniyol, waɗanda ake samu a furanni masu ƙamshi irin su wardi.

Gargaɗi: kada ka sayi dashe saboda sunan da mai sayarwa ya faɗa. Ni da kaina na taɓa sayen leda goma sha biyu a bakin titi wajen wani mai sayar da itatuwa, ya rantse mini Muskat ne. Shekara biyu ina ban-ruwa, da suka haihu sai ga ƙananan ƙwayoyi masu tsami, ba ƙamshi ko na ɗigo. Ka je lambun da uwar take a watan Fabrairu ko Maris, ka ɗanɗana, ka ɗaura wa itacen da ya yi maka tsumma, ka dawo a Oktoba ka karɓi reshensa da hannunka. Manoman Kudan a jihar Kaduna sun yi suna a noman inabi, kuma zuwa can da ido ya fi aike, amma ko a can sai ka ɗanɗana, domin ba kowane inabi ne Muskat ba.

2. Wuri da ruwa

Inabi yana son rana tun daga hantsi har la'asar, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Jigawa mai ɗan jiki ta fi laka. Haƙa rami mai zurfin mita ɗaya, ka cika shi da ruwa da yamma. Idan gari ya waye ruwan na nan, nemi wani wuri. Gindin fadama da ke cika da damina ma ka bar wa rake da shinkafa.

Ruwan sama da muke samu a Katsina da Daura na wata huɗu ne, Yuni zuwa Satumba, alhali inabinka da rani zai haihu. Ke nan rijiya ko burtsatse ko kusanci da madatsa irin su Ajiwa, Jibiya, Zobe ko Sabke wajibi ne. Babban itace ɗaya yana shan jarka guda, lita 20 zuwa 25, a rana idan zafi ya tsananta. Ninka wannan da yawan itacen da kake so, ka tambayi kanka ko rijiyarka za ta iya a watan Afrilu, ba a watan Nuwamba ba.

Gargaɗi: ɗanɗana ruwan. Idan yana da zartsi ko ɗanɗanon kanwa, bakin ganyen zai riƙa ƙonewa, itacen ya tsumbure. Ruwan kwata na cikin gari kuma bai dace da abin da za a ci ɗanye da fatarsa ba.

3. Kaya da lissafin kuɗi

Shawarata ka fara da itace 20. Sun isa ka koyi aikin, kuma ba za su karya ka ba idan shekarar farko ta zo da gardama. A tazarar mita 3 kowane ɓangare, fili mai mita 12 da mita 15 ya ishe ka. Farashi yana motsi kusan kowane mako, don haka ga adadin kayan, ka shiga kasuwa da takardarka ka buga lissafi a ranar:

Dirka 30, kowace tsawon mita 2 da rabi, rabin mita a cikin ƙasa. Waya mai kauri wadda ba ta tsatsa mita 170, da siririya mita 330. Siminti buhu biyu zuwa uku na gindin dirkokin gefe. Ruɓaɓɓen taki kwando biyu ga kowane rami. Ledar reno 40. Almakashin aski mai kaifi. Injin feshi na goyo. Raga ta rufe 'ya'ya. Sai shinge, idan wurin ba katanga.

Rumfar ce ke cinye mafi yawan kuɗin, ruwa ya biyo baya, dashen kansa shi ne mafi araha. Mutane suna juya abin, su kashe kuɗi a kan dashe su tsuke hannu a kan dirka. Dirkar ƙarfe ko ta siminti ta fi ta itace tsada, amma gara ba ta san ta ba. Idan aljihu bai kai ba, yi amfani da azara a tsakiya, ka sa ƙarfe a kusurwoyi huɗu da gefuna, domin can nauyin yake. Shinge kuma ba ado ba ne: akuya ɗaya ta ishi shekara guda ta aikinka cikin rabin sa'a.

Gargaɗi: injin feshin inabi ya zama nasa shi kaɗai. Injin da ya taɓa ɗaukar maganin ciyawa, musamman mai 2,4-D, ko an wanke shi yana iya murɗe ganyen inabi. Idan maƙwabcin gona zai yi feshin ciyawa, roƙe shi ya bari sai iska ta kwanta.

4. Renon yanka a leda

A ranar askin Oktoba, wanda bayaninsa ke zuwa a sashe na 9, ake ɗibar reshe. Zaɓi wanda ya nuna ya koma ruwan ƙasa, kaurin fensir, ka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace da ido uku ko huɗu, tsawon kamu ɗaya da ɗan ɗori. Yanka ƙasan a miƙe dab da ido, saman kuma a karkace, don kada ka rikice ka dasa shi kai ƙasa. Wanda aka dasa a juye ba ya kamawa. Naɗe su a jiƙaƙƙen buhun algarara har ka iso gida, ka jiƙa gindinsu cikin ruwa kwana ɗaya.

Cika leda da rairayi kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Binne ido biyu, bar ɗaya ko biyu a waje, ka jera a inuwar bedi inda hasken safe ke shiga. Ruwa kaɗan-kaɗan, ƙasa ta yi danshi ba caɓi ba. Reni 40 don ka samu 20 masu ƙarfi. Za ka ga toho cikin mako biyu zuwa uku, amma kada ya ruɗe ka, ganye yana riga saiwa fitowa. Sai bayan wata biyu da rabi zuwa uku ake fitar da su.

Idan ƙasarka ta taɓa kashe tumatir da ciwon ƙullutun saiwa, tsutsar da ke kawo shi tana kama inabi ma. A irin wannan wuri nemi ɗan aure, wanda aka ɗora Muskat a kan gindi mai juriya, kamar yadda ake yi wa mangwaro.

5. Rami da dashe

Haƙa ramuka wata guda kafin dashe, santimita 60 faɗi da tsawo da zurfi. Ware ƙasar sama daban, ka cakuɗa ta da taki kwando biyu, toka kwano ɗaya, da dakakken ƙwallon bedi tafi biyu, ka mayar. Yi ban-ruwa sau biyu ko uku ƙasar ta zauna. Ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu nake dashe, da yamma, don itacen ya kafa saiwa kafin zafin Afrilu. Yage ledar a hankali kada ƙasar ta warwatse. Kafa sanda doguwa a gefensa, ka yi masa 'yar inuwa da kara ta ɓangaren yamma.

Gargaɗi: ɗanyen taki kiran gara ne. Taki ya kwana wata uku zuwa huɗu a rami ana yayyafa masa ruwa, har sai warinsa ya tafi ya koma baƙi yana marmashewa a hannu. Duk safiya ka duba gindin. Da ka ga gara ta fara ɗora ƙasa a jikin itacen ko sandar, kankare, ka barbaɗa toka, ka bi sawu ka nemo gidanta.

6. Rumfa da tarbiyyar shekarar farko

Wasu suna jera waya kamar shanya, itacen ya hau a tsaye. Ni rumfa nake so, kuma dalilina ƙamshi ne. A ƙarƙashin rumfa nonon inabin yana rataye cikin inuwar ganyensa, ranar Maris ba ta dukansa kai tsaye. Ƙwayar Muskat da rana ta gasa takan yi tabo ruwan ƙasa a gefe guda, ƙamshinta ya tsere.

Kafa dirkoki a layi biyar, shida-shida, mita 3 tsakani, yadda kowane itace zai kasance a tsakiyar dirka huɗu. Haɗa kawunansu da waya mai kauri ta tsaye da ta kwance, sannan ka ja siririya duk rabin mita. Dirkokin gefe ka ɗan karkata su waje, ka ɗaure da waya zuwa turken da aka binne da siminti. A gama wannan kafin watan Mayu. Iskar hadarin farko ba ta wasa, ta sha kwantar da rumfar da aka kafa da garaje.

Tarbiyyar mai sauƙi ce amma tana son ido. Bar toho ɗaya tak ya bi sanda, duk wanda ya fito a hammatar ganye ka tsinke shi da farce duk mako. Ɗaure da tsumma, ba da waya ba, kuma sako-sako. Idan ya kusa taɓa wayar sama da kamar kamu ɗaya, tsinke kansa. Daga tohon da za su fito a sama zaɓi biyu, ɗaya ya bi gabas ɗaya ya bi yamma, su ne hannuwan itacen har ƙarshen rayuwarsa. A jikinsu za ka bar rassa duk bayan kamu ɗaya, dama da hagu. Takin zamani a wannan shekara cikin kwalin ashana ɗaya na NPK duk wata ya isa, a zuba nesa da gindi kaɗan a bi da ruwa.

Idan ka ga ɗan nono ya fito a shekarar farko, cire shi. Na san da ciwo. Amma itacen da aka ɗora wa haihuwa tun bai yi ƙashi ba yakan daɗe bai murmure ba. Amfanin kirki yana zuwa wajen shekara biyu bayan dashe.

7. Askin bazara

Daga nan aski biyu ne duk shekara. Na farko a Afrilu, bayan tsinka da hutun mako biyu zuwa uku. Mayar da kowane reshe zuwa ido ɗaya ko biyu daga hannun itacen, har ya zama kamar ƙwarangwal. Zuba taki kwando ɗaya zuwa biyu a kowane gindi, ka ba da ruwa sosai. Wannan aski ba na 'ya'ya ba ne, na gina sababbin rassa ne, kuma a cikin idanun waɗannan rassa ne nonon baɗi ke ƙulluwa tun watan Mayu da Yuni. Saboda haka ka rage cunkoso rana ta taɓa su. Reshe ya kai ganye 15, tsinke kansa. Duk nonon da ya fito yanzu cire shi, domin cikin ruwan sama zai nuna, ya fashe ya ruɓe.

8. Tsaron damina

Damina ita ce lokacin ciwo. Akwai wanda ke fara da tabo kamar ɗigon mai a saman ganye, ƙasansa kuma farar fumfuna. Akwai wanda ke yin baƙaƙen ɗigo yana huda ganye da ɗanyen reshe. Dukkansu rigakafi suke so: maganin feshi mai sinadarin jan ƙarfe, wanda 'yan shago ke kira kofa, ko mankozeb, duk kwana 10 zuwa 14, a maimaita idan ruwa mai ƙarfi ya wanke. A jiƙa ƙasan ganye sosai. Bi ma'aunin da ke jikin kwalin, kuma idan rubutun ya shige maka duhu, malaman gona na KTARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Katsina, suna nan. Tsince ganyen da ya kamu ka ƙone, ka buɗe hanyar ruwa kada ya kwanta a gindi. Itacen da ya rasa ganyensa a Agusta ba zai ba ka nonon kirki a Fabrairu ba.

9. Askin 'ya'ya

Wannan shi ne aski na biyu, na Oktoba. Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi faɗuwa.

Daga ranar wannan aski zuwa tsinka kwana 120 zuwa 140 ne, baƙin ya fi kusa da 120, na Iskandariyya ya fi kusa da 140. To lissafa da kanka. Askin tsakiyar Oktoba yana kai ka tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Maris. Ƙwayar za ta girma cikin hunturu, rana da ɗumi, dare da sanyi, ba ruwan sama, ba raɓa mai yawa. Wannan sanyin daren na Disamba da Janairu shi ke tsare ƙamshi da ɗan tsamin da ke sa zaƙin bai gundura ba, shi ke kuma sa baƙin ya yi baƙi sosai. Idan ka yi aski a Satumba, ruwan ƙarshe zai sami ɗanyen toho ya jawo masa ciwo. Idan ka kai Disamba, nunar za ta faɗa cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Na ga wannan da idona a shekarar da tafiya ta riƙe ni har na yi aski a makon farko na Disamba. Nonon ya fito da kyau, ya yi zaƙi ƙwarai. Na kai wa wani dattijo da ya daɗe a harkar lambu, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya tauna, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Yaro, wanga ai ruwan sukari ne. Yaushe ka aske shi?" Na ce, "Baba, Disamba." Ya ce, "To rana ta riga ka sha." Tun daga nan ban ƙara wuce 25 ga Oktoba ba.

Ga tsarin. Bayan ruwan ƙarshe, janye ban-ruwa na kwana 10 zuwa 15, itacen ya ji ƙishi ya dakata da girma. Kwana uku zuwa biyar kafin aski, tsige duk ganyen da hannu. Wannan shi ne hunturun da muke ƙirƙira masa. Ranar aski, zaɓi rassan da suka nuna, masu kaurin fensir zuwa ɗan yatsa, ka bar wa kowanne ido huɗu ko biyar, ka yanka yatsa biyu sama da idon ƙarshe. Sirara da koraye da waɗanda suka hau kan juna, cire su daga tushe. Itacen da ke haihuwar fari kada ya wuce reshe 12 zuwa 15, babba kuma 25 zuwa 30. Ka ɗan lanƙwasa kowane reshe a hankali har ka ji ya yi ƙara kaɗan, wannan yana taimaka wa idanun tsakiya su farka. Sannan taki da ruwa mai yawa a rana guda.

A shekarar farko ta haihuwa yi gwaji: wasu rassa bar musu ido uku, wasu shida, ka ɗaura musu zare mai launi daban. Bayan mako uku za ka ga a ido na nawa nono ya fi fitowa a lambunka, baɗi sai ka bi wannan.

Gargaɗi: manyan manoma suna shafa wani magani, Dormex, a idanun don su tsiro tare. Yana aiki, amma guba ne mai ƙona fata, har Tarayyar Turai ta janye izininsa tun 2008. Mai itace 20 a bayan gida, inda yara ke wasa, ya bar shi. Tsige ganye da lanƙwasa reshe sun wadatar.

10. Daga fure zuwa nuna

Toho yana fita cikin kwana 10 zuwa 14, fure kuma wajen mako biyar zuwa shida. Na Iskandariyya yana da hali guda: furensa yana zuba, nonon ya fito da giɓi da ƙananan ƙwayoyi marasa girma. Abu uku ke rage wannan. Fesa sinadarin zinki a ganye mako biyu kafin fure. Tsinke kan tohon da ke ɗauke da nono idan furen ya fara buɗewa. Rage ruwa kaɗan a kwanakin fure, kuma kada ka zuba yuriya a lokacin. Shingen zana ta gabas da arewa yana kare furen daga busasshiyar iskar hunturu.

Ƙwaya ta kai girman wake, sai ragi. Nono ɗaya ga kowane toho, kuma toho ya kasance da ganye akalla 12 da za su ciyar da shi. A haihuwar fari nono 10 zuwa 15 ya isa. A nan kwaɗayi ke kayar da mutane. Itacen da aka bar wa nono 60 zai ba ka kwanduna, amma nunar za ta ja, ƙamshin ya tsinke kamar shayin da aka yi wa ƙarin ruwa. Cikin kowane nono ma ka cire ƙananan ƙwayoyi da ɗan almakashi, iska ta samu hanya.

Daga nan ruwa ya zama a kai a kai, kada ka bar ƙasa ta bushe ƙayau sannan ka malale ta, ƙwaya fashewa take yi. Taki mai fotash ya fi amfani yanzu, toka ma tana taimakawa. Da zarar ƙwayar ta fara laushi tana sauya launi, wajen wata uku bayan aski, rage ruwa zuwa rabi.

Ciwon rani shi ne farar fumfuna mai kama da an barbaɗa gari a ganye da ƙwaya, kuma Muskat yana da rauni a kanta. Maganinta farar wuta ta feshi, tun toho yana kamu ɗaya, duk mako biyu.

Gargaɗi: farar wuta tana ƙona ganye da ƙwaya idan zafi ya haura digiri 32. Yi feshi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, ka daina gaba ɗaya idan ƙwaya ta fara laushi, in ba haka ba warinta zai zauna a kan ƙamshin.

11. Tsuntsu, jemage da rina

Ƙamshin da kake jira su ma shi suke jira. Tsuntsu da rana, jemage da dare, rina da ƙudan zuma su bi ramin da tsuntsu ya huda. Gwangwani da mutum-mutumi kwana uku suke aiki. Raga kaɗai ke tsare su: ko a rufe rumfar duka har ƙasa, ko a ɗinka wa kowane nono 'yar jaka da tsohon gidan sauro da aka wanke sosai. Kada ka sa leda, tana dafa ƙwayar. A rufe tun ranar da launi ya fara juyawa.

12. Tsinka da zabibi

Inabi ba mangwaro ba ne, ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi. Ɗanɗana ƙwayar da ke can ƙasan nonon, ita ce ta ƙarshe wajen zaƙi. Tofar da ƙwallon a tafinka: idan ya yi ruwan ƙasa ya nuna, idan kore ne da saura. Mai na'urar auna zaƙi ya jira ta nuna 18 zuwa 20. Sai kuma hanci. Idan ka shiga ƙarƙashin rumfar bayan sallar asuba ƙamshin ya tarbe ka tun kafin ka taɓa komai, lokaci ya yi.

Tsinka da sassafe, da almakashi, ka riƙe nonon ta wuyansa. Wannan farar hodar da ke jikin ƙwayar kada ka goge ta, kariya ce, kuma mai saye da ya san inabi ita yake dubawa. Jera a kwando mai faɗi da aka shimfiɗa wa ganye, hawa biyu kawai, ka ajiye a inuwa. Kada a wanke sai za a ci. Muskat ba ya jure doguwar tafiya da zafi, don haka ka nemi masu saye tun kafin ranar. A 2025 azumi ya kama a farkon Maris, a 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, daidai kan nunar inabin, kuma kayan buɗa-baki ba sa kwantai. Sai dai azumi yana matsowa da wajen kwana 11 duk shekara, kada ka ja askinka ya shiga damina don ka bi shi.

Wanda ya rage, ko nonon da bai yi kyan gani ba, zabibi ne. Bar shi a itace ya ƙara mako ɗaya zuwa biyu zaƙin ya hau. Shimfiɗa a kan tabarma ko faifai bisa gado mai tsayi, nesa da ƙasa, ka rufe da raga saboda ƙuda da ƙura. Juya shi duk bayan kwana uku, ka shigar da shi ɗaki da dare. Cikin mako biyu zuwa uku zai yi, gwargwadon zafin rana da girman ƙwayar. Kilo huɗu na ɗanye yana ba da wajen kilo ɗaya na zabibi. Matsa ƙwaya tsakanin yatsu biyu: idan ruwa bai fito ba kuma ba ta ƙandare ba, ta yi. Zuba a kwalba mai murfi, ka riƙa girgizawa kullum har mako guda danshin ya daidaita, kuma idan ka ga gumi a jikin kwalbar, mayar da shi rana ya ƙara kwana biyu.